Gilashin Taga da Idon Buba Direba

Ku yaran yanzu da kuke rataya allon tabarau a wuya kuna zagaya tashar mota, kun ɗauka sana'ar nan ba ta wuce a miƙa wa mutum madubi a ce masa ya yi kyau ba. Jiya ma da kunnena na ji ɗayanku yana gaya wa wata baiwar Allah cewa gilashin da ya ɗora mata yana maganin hawan jini. Na dai ci gaba da goge kayana. Amma tunda rana ta koro ku inuwar rumfata, ku gyara zama ku ji yadda muka yi sana'ar nan a Garwa tun wasunku ba a san za a yi su ba.

Ni Sabo nake, Sabo mai tabarau. Kakana fatauci ya kawo shi daga Kano, ya ga bakin Binuwai ya yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Haka muka tashi, Hausa a gida, Fillanci a kasuwa, Faransanci idan tsautsayi ya kai mutum ofis. Na shiga hannun maigidana Baba Tanko a unguwar Rumde Ajiya a farkon zamanin shugaban nan da hotonsa ya daɗe a bangon ofisoshi. Lokacin hoton sabo ne fil, ni ma haka.

Aikin farko da Baba Tanko ya ba ni shi ne neman kusa. Wata 'yar mitsitsiyar kusa ce ta hannun tabarau ta suɓuce masa ta faɗa cikin yashi, ya ce in nemo ta. Na durƙusa ina tankaɗe yashi da rariyar da na aro a maƙwabta har azahar ta yi. Da na kawo masa ita ina haki, sai ya buɗe wani gwangwanin madara cike da irinta, ya jefa ta ciki. Ya ce yana so ne ya san ko idona lafiya yake, don shi ba ya koya wa mai ciwon ido sayar da tabarau. Kayan aikinsa duka ba su cika jaka ɗaya ba: sukurdireba mai bakin allura, 'yar filaya da ya naɗe wa baki da zare don kada ta karce firam, kwanon ruwan zafi na lanƙwasa hannun roba, tsumman tsohuwar singileti, sai madubi mai tsaga a gefe. Madubin nan ya fi komai kawo ciniki.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne rabe gilashi. Za ka ɗaga tabarau ka saita shi da falwayar da ke tsallaken titi, ka motsa shi hagu da dama. Idan falwayar ta yi rawa ko ta karye a cikin gilashin, to mai lamba ne, wato mai ƙarfi, irin na masu larurar ido. Idan ta tsaya ƙyam kamar yadda aka kafa ta, to babu komai a cikinsa. Wannan a tsakaninmu gilashin taga muke kiransa. A gaban mai saye kuwa sunansa na hutun ido, kuma idan mai sayen ɗan boko ne sai mu faɗa da Faransanci, ya fi shiga.

Masu larurar gaske ba su da wuya. Tsohuwa za ta zo ta ce zare ya daina shiga allura. Ka ba ta allura da zare, ka yi ta sauya mata tabarau har zaren ya shige, ta yi maka addu'a ta tafi. Tela tsoho haka, malamin da baƙin littafi ya fara haɗe masa haka. Waɗannan su ne ladan sana'ar, amma ba su ne abincinta ba. Abincinta masu lafiyar ido ne. Ɗan makaranta da ya ci jarrabawa, akawun da aka ƙara wa kujera, saurayin da zai je ɗaukar hoto, duk sai sun biyo ta rumfarmu. Akwai wani Alhaji mai shagon atamfa da ya sayi tabarau mai ruwan zinare, ya sa shi Juma'a ɗaya kowa ya gani, ya kai gida ya ajiye. Daga ranar, duk takardar da aka miƙo masa sai ya shafa aljihu ya ce, "Kash, na baro tabarau a gida, karanta mini." Bai taɓa shiga aji ba, amma har ya rasu ba wanda ya ce Alhaji bai iya karatu ba, mantuwa ce dai ta yi masa yawa.

Baba Tanko yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba a ɗora lamba a kan lafiyayyen ido. Gilashin taga, in dai mai kyau ne ba roba mai lanƙwasa ba, ba ya ƙara maka komai, ba ya rage maka komai, sai dai shatin da zai bari a karan hanci. Mai lamba kuwa wani abu ne daban. Na gwada da kaina don in sani. Ƙasa sai ta taso maka ko ta yi nisa, ka ɗaga ƙafa inda babu tudu. Goshi ya ɗauki nauyi, ido ya yi ta ruwa, zuciya ta fara tashi kamar ka hau bayan babbar mota a hanyar damina. Ba zai makantar da babban mutum ba, idan ka cire ka huta komai zai dawo daidai. Amma kafin ka cire ɗin, kwata tana nan tana jiranka.

Sai shekarun kiriz suka zo, wato matsin da ya kama ƙasar nan har aka yanke albashi, aka sake yankewa, kuɗinmu kuma ya faɗi. Lokacin Baba Tanko ya tsufa ya bar mini rumfa. Na ɗauka sana'a ta mutu, don wanda bai ci ba ina zai tuna da ado. Ashe ban san mutane ba. Ofisoshi da kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata, sai magana ta bazu a gari cewa masu kama da 'yan takarda ake bari, masu kama da 'yan ƙarfi ake kora. Ba wanda ya san inda zancen ya fito, amma kowa ya yarda. Masinja ya zo neman tabarau, mai gadi ya zo, har mai ba fulawa ruwa a gidan wani babba ya zo ya ce a ba shi irin na lauyoyi. Gilashin taga da muke samu ta Mubi ya yi wuya. Abin da ya cika kasuwa shi ne tsofaffin tabarau na Turai da ke zuwa cikin dilar gwanjo, masu kauri kamar gindin kwalba, waɗanda Allah kaɗai ya san tsofaffin da suka mutu suka bari.

A wannan shekarar Buba Direba ya tsaya a gaban rumfata. Bafulatani ne mutumin Mindif, dogo, mai kunya, da kiwo ya tashi kafin ya koyi tuƙi. Yana jan babbar mota a wani kamfanin sufuri da ke ɗauko siminti daga Figil, kuma da wannan aikin yake riƙe matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa can ƙauye. Duk unguwarmu an san Buba da abu ɗaya, wato ido. Duk shekara idan aka fita filin bayan masallaci duban watan azumi, liman ba ya wahalar da wuyansa, tambaya kawai yake yi, "Buba ya gani?" Idan Buba ya nuna da yatsa, sai sauran jama'a su yi ta ƙifce-ƙifce har su ma su hango.

"Jam na, Sabo?" ya gaishe ni da Fillanci.

"Jam, Buba. Yau kuma mai idon unguwa ne a rumfar makafi?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a benci ya rage murya. Ya ce an kawo musu sabon darakta daga kudu, za a rage direbobi, kuma an ce mutumin ba ya son ganin jahili a kusa da shi.

"Ina so in ya dube ni ya ga mutum mai lissafi," in ji Buba. "Ba ni wanda zai sa a ce mini Musye, yadda ake kiran manyan 'yan boko."

Na zaɓo masa baƙin firam mai kyau da gilashin taga, na tsoma hannayen a ruwan zafi na lanƙwasa su daidai kunnensa. Ya dubi madubi ya daɗe yana kallo. Gaskiya ya yi masa kyau, ka ce wani sufeton makarantu ne.

Ba a yi mako ba ya dawo fuska a murtuke, ya dangwarar da tabarau a kan teburina. Ashe a wurin mai shayi na bakin garejinsu ya ajiye shi zai wanke fuska, sai Isiyaku makanike, wani mai bakin tsiya da ba ya raga wa kowa, ya ɗauka ya ɗora a hancinsa. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, wannan ai da shi da babu duk ɗaya! Buba, ko tagar motarka ka yanko?" Aka yi ta dariya har da masu dako.

"Mai lamba nake so," in ji Buba. "Wanda duk ɗan iskan da ya ɗora sai ya ga jiri."

"Kai ma ai jirin za ka gani."

"Ni na san yadda zan yi."

"Buba, mota kake ja, ba kujera ba. Wallahi ba zan ba ka ba."

"To a ajiye zumunci gefe, ciniki na zo yi."

"Cinikin ne ba na yi."

Ya tashi bai yi mini sallama ba. Ya tsallaka layin 'yan gwanjo, ya tona tulin tabarau da hannunsa, ya zaɓo wanda ya fi kowanne kauri. Da yamma ya dawo don hannun tabaran yana lilo, ya ce in ɗaure masa kusa. Na ɗaga shi na saita da falwaya, sai na ga falwayar ta koma kamar tsinken tsire. Na sake yi masa magana, ya kau da kai. Na ɗaure kusar, don in ban ɗaure ba wani zai ɗaure.

Dabararsa ita ce, idan yana kan hanya sai ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci ya riƙa kallo ta samansa, idan ya shigo gareji ko cikin mutane sai ya tura shi sama. Ya kuma shirya labari: wai likita ya gani a Marwa, aka auna shi da na'ura, aka ce yawan duba takardun kaya ne ya raunana masa ido. Isiyaku ya sake ɗauka don ya ƙure shi. Yana ɗorawa ya yi taga-taga ya dafe bango, ya cire da sauri yana murza ido.

"Subhanallahi! Yi haƙuri, Buba, ashe da gaske ne. Allah ya ba ka lafiya, na ɗauki alhakinka."

A gaban kowa ya faɗi haka. Daga ranar aka fara ce masa Musye Buba, masu dako suna tashi su ba shi benci. Ya zo ya ba ni labari yana murmushi, idanunsa jawur suna zubar da ruwa ta bayan gilashi, aljihunsa cike da ƙwayar ciwon kai. Na miƙa masa shayi, ya kai hannu ya kama iska a gefen kofin.

Abin da nake tsoro bai faru a kan hanyar Figil ba, Allah ya tsare bayinsa. A cikin gareji ya faru, da safe, kowa yana nan. Buba zai yi baya da mota ya gyara tsayuwa, sai ya hango darakta ya fito baranda yana kallo. Maimakon ya bar tabarau a ƙarshen hanci, sai ya tura shi sama don a gan shi da kyau. Motar ta tafi a hankali, cikin natsuwa irin ta mai lissafi, ta tokari ginshiƙin tankin ruwa. Tanki ya karkace, ruwa ya kwararo har ƙofar ofis. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa hanyar Kuseri bai taɓa taka ko kaza ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Isiyaku na ji shi, daga baya Buba da kansa ya cika mini sauran. Darakta ya sa aka tara direbobi da makanikai da masu dako a tsakar gareji. Ya karɓi tabarau ya leƙa, ya yi saurin mayar masa. Mutumin ba azzalumi ba ne, ya ga takardun Buba, ya san ba shi da tabo. Ya ce ta bakin tafinta, shi bai yarda wannan gilashin na mutumin nan ba ne, wataƙila likitan ne ya yi kuskure. Ya nuna wata mota da ke tsaye can bakin ƙofa.

"Cire tabarau ka karanta mini lambar motar can. In ka karanta, ka jefar da wannan abin ka koma bakin aikinka, magana ta wuce. In ba ka iya ba, ba zan ba mai ciwon ido mota ba."

Buba ya cire. Ya ce mini yana cirewa duniya ta dawo masa tas kamar an wanke ta. Ya ga lambar, ya ga inda fenti ya ɓantare a jikin harafin ƙarshe, ya ga ƙadangare a kan katangar da ke bayan motar yana gyaɗa kai. Sai kuma ya ga Isiyaku a gefe, wanda ya roƙe shi gafara a gaban jama'a, ya ga masu dakon da suke tashi su ba shi benci, duk sun zuba masa ido cikin tausayi. Idan ya karanta, babu likitan Marwa, babu na'ura, babu Musye. Sai Buba mai tagar mota, har ya mutu, har 'ya'yansa su gada.

Ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa darakta, "Ba na gani, patiron."

Da ya zo rumfata da takardar sallama a hannu, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi wa mai saye ba. Na ce ya tashi mu koma tare, ni zan yi bayani, in ɗaga tabarau in nuna wa darakta falwaya. Na tuna masa tsohuwarsa, na tuna masa yaran.

"Sabo, ba ka gane ba," ya ce a hankali. "Wanda ciwo ya raba da aiki, gaishe shi ake yi. Ni yanzu gaishe ni ake yi."

"Gaisuwar za ku dafa?"

Ya ciro tabarau ya ajiye a gabana, ya waiga ya tabbata ba kowa.

"Kaina zai fashe. Cire wannan masifar ka sa mini na taga, amma mai kauri irin wannan. Kuma maganar ta tsaya a nan."

Ban taɓa aikin da ya ba ni wuya kamar wannan ba. Gilashin taga na tabarau siriri ne, kowa zai gane an sauya. Sai da na je wurin masu yanka gilashin gini na samo ɓallin mai kauri irin na saman tebur, aka yanko mini shi kusa da girman firam, na zauna da dutsen wasa da ruwa ina cin gefensa kaɗan-kaɗan. Na fasa na farko, na fasa na biyu. Da na gama na dafa firam ɗin a ruwan zafi na cusa su, suka zauna daram. Nauyinsa ya isa ya ja hanci ƙasa, amma falwaya ta tsaya ƙyam. Ba wanda ya sake gwada shi, don ba a wasa da tabaran mai larura.

Labarin idonsa ya riga shi isa Figil da Marwa, ba mai motar da ya sake ba shi makulli. Ya mayar da yaran Mindif wurin tsohuwa, matarsa ta fara kunun gyaɗa a ƙofar gida, shi kuma ya koma kamasho a wannan tashar da kuke yawo a cikinta. Mutanen kirki suka yi ta kawo masa magani, wannan tozali, wancan rubutu, wani ma hantar akuya. Ya karɓa duka ya yi godiya. Isiyaku ya fi kowa ɗawainiya, idan ya gan shi zai tsallaka titi sai ya bar abin da yake yi ya zo ya kama masa hannu, Buba kuma ya miƙa. Ina zaune a nan ina kallonsu, wani lokaci dariya ta kama ni, wani lokaci in ji kamar in yi kuka. Bara Allah ya karɓi ran Buba, shi ya sa bakina ya buɗe. Tabaran yana cikin akwatin nan, wanda yake so ya ɗaga ya duba falwaya.

Azumin da ya biyo bayan sallamarsa, muka fita filin bayan masallaci bayan magariba kamar kullum. Liman ya buɗe baki zai yi tambayar da ya saba, ya tuna, ya haɗiye ta. Jama'a suka yi ta dube-dube, wannan ya nuna gajimare, wancan ya nuna tauraro. Buba yana tsaye kusa da ni da ƙaton tabaransa, hannu a baya. Can na ji ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya yi magana ba tare da ya motsa leɓe ba.

"Saman darbejiyar gidan Alhaji, ɗan hagu kaɗan. Ka ce kai ka gani."

Na duba, ban ga komai ba. Na ɗaga yatsa duk da haka na ce, "Ga shi can!" Aka juya, sai wani ya yi kabbara, wani ya bi, fili ya ɗauka. Mutane suka yi ta dafa kafaɗata suna cewa lallai mai tabarau ya san sirrin ido. Isiyaku ya matso ya kama hannun Buba don kada a ture shi cikin turmutsutsu.

Buba ya ɗaga kai ya dubi wani gefen sama daban, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "An gani? Alhamdu lillahi. Ina yake? Ku nuna mini."